Mata da Kuɗin Ƙaramar Hukuma a Karkarar Abuja: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da matan ƙauyukan Kwali, Abaji, Kuje, Bwari da Gwagwalada suka fi yi idan aka zo batun ƙaramar hukuma da kuɗinta. Mun amsa su ne domin 'yar kasuwa, manomiya, malamar makaranta, shugabar ƙungiyar adashi, da duk wadda ke tunanin tsayawa takara.

Wa ke mulkin ƙauyukanmu, minista ko ciyaman?

Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokokin jiha. Minista ne ke riƙe da shi a madadin shugaban ƙasa, Majalisar Tarayya kuma ita ke yi masa doka. Amma a ƙasa akwai ƙananan hukumomi shida da jama'a ke zaɓa: AMAC (ta cikin birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Suna cikin 774 na ƙasar nan. AMAC na da mazaɓu 12, sauran biyar ɗin kowacce 10, jimilla 62, kowace mazaɓa da kansilanta ɗaya. INEC ce ke gudanar da zaɓensu da kanta, saɓanin jihohi inda hukumar zaɓen jiha ke yi, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta mayar da wa'adinsu shekara huɗu. Saboda haka mace a Yaba ko Rubochi ko Kawu tana da ciyaman da kansila da za ta iya ɗorawa, ta iya saukewa.

Me ƙaramar hukuma ke yi da har zai dame ni?

Ki duba jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, za ki ga kusan rabin wahalar da mace ke sha a yini tana ciki. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, duk aikinta ne. Tana kuma da hannu a makarantun firamare, yaƙi da jahilci, noma da kiwon lafiya a matakin farko.

Idan kwalbatin da ke kan hanyar gona ya karye da damina, ke ce za ki ɗauko doya a ka ki zagaya. Idan asibitin sha-ka-tafi ba shi da ungozoma da dare, ke ce za a ɗora a bayan babur cikin naƙuda. Ke ce kuma kike biyan tikiti duk ranar kasuwa. Wadda ke zuba kuɗi a asusu, kuma ita ke kwana da ciwon gazawarsa, ba mai cewa ta yi shisshigi don ta tambayi lissafi.

Daga ina kuɗin ke zuwa?

Hanya uku ce. Babbar ita ce kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda kwamitin FAAC ke rabawa. A tsarin rabon, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi gaba ɗayansu 20.60. A harajin VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Ta biyu ita ce kashi 10 na kuɗin shigar da Babban Birnin Tarayya ke tarawa, wanda ake raba wa hukumomin shida. Ta uku kuɗin da hukumar ke tarawa da hannunta: tikitin kasuwa, hayar rumfa da shago, kuɗin tasha, kuɗin mayanka, harajin gidaje da lasisi iri-iri. AMAC na samun mai yawa ta wannan hanya domin birnin na cikinta. Hukumomin karkara kamar Abaji da Kwali sun fi dogara da kason tarayya, shi ya sa duk tangarɗar da aka samu a sama nan da nan take bayyana a albashi.

An ce Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu. Me ya canza?

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan kason kowace ƙaramar hukuma kai tsaye cikin asusunta, kuma ba a yarda a ɗora kantoma a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. A Abuja an daɗe ana bi ta kwamitin asusun haɗin gwiwa, wato JAAC, inda ake fara cire albashin malaman firamare, kuɗin fansho da na horar da ma'aikata kafin a miƙa wa hukumomin ragowar.

Ra'ayinmu shi ne kada mata su ɗauka biyan kai tsaye kaɗai zai gyara komai. Kuɗi na iya baro hannun manya su faɗa hannun mutum uku a sakatariya, ba tare da ƙauye ya ga ko bulo ɗaya ba. Amfanin hukuncin shi ne ya rage wa ciyaman wurin fakewa: idan kuɗi sun shiga asusunsa, shi za a tambaya.

Kullum ciyaman cewa yake babu kuɗi. Yaya za mu gane gaskiya?

Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Albashi na cinye kaso mai girma, kuma kowa ya ga yadda malaman firamare na Abuja suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara na zaune a gida. Amma ba sai kun yi dogaro da bakinsa ba. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rabon FAAC na kowane wata a intanet, da sunan kowace ƙaramar hukuma da adadin da aka ware mata. Ku sa wata ɗiyarku mai waya ta sauke na wata shida a jere, ta rubuta muku a takarda ɗaya.

Sannan akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma dole a amsa cikin kwana bakwai. Ana iya ƙara wasu bakwai idan takardun na da yawa. Idan an hana ko an yi shiru, kuna da kwana 30 ku garzaya kotu. Abin da ke kashe irin wannan wasiƙa shi ne faɗi. Kada ku rubuta "muna son sanin yadda ake kashe kuɗinmu". Ku rubuta "muna neman kwafin kasafin kuɗin bana da aka amince da shi, da jerin ayyukan ruwa da aka bayar da kwangilarsu a mazaɓar kaza, da kuɗin kowanne, da abin da aka riga aka biya".

Muna son fanfon burtsatse a unguwarmu. Ta yaya buƙata ke shiga kasafin kuɗi?

Nan ne mata suka fi yin asara, domin yawanci suna kai kuka ne bayan an rufe littafi. Shekarar kuɗi na farawa a Janairu ta ƙare a Disamba. Sassan hukuma, wato ayyuka, lafiya, noma, ilimi da walwalar jama'a, suna tattara buƙatunsu ne a rabin shekara na biyu. Sashen kasafi da tsare-tsare ya haɗa su, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli, su duba su amince. Idan kun kai buƙata a Maris kuna son a yi a Afrilu, sai dai a ba ku haƙuri. Ku kai tun damina, tsakanin Yuli da Satumba, don kasafin baɗi.

Ku fara da zama a tsakaninku ku zaɓi abu ɗaya ko biyu. Takardar da ta lissafo ruwa, wuta, hanya, taki, jari da asibiti gaba ɗaya ba mai ɗaukarta da muhimmanci. Ku rubuta shafi ɗaya tak: sunan ƙauye da mazaɓa, gidaje nawa abin ya shafa, ina ake ɗebo ruwa yanzu, tafiyar minti nawa ce, wane wata rafin ke ƙafewa, da filin da mai unguwa ya yarda a haƙa. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, don rikicin fili ya sha tsayar da aikin da aka riga aka ware wa kuɗi. A sa hannu ko a dangwala yatsa, mai unguwa ko dagaci ya buga hatiminsa.

Ku yi kwafi huɗu: na ciyaman, na kansila, na shugaban sashen ayyuka, da naku. A sakatariya kada ku bar wurin sai an buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata. Ku je ku uku ko biyar, kada mutum ɗaya ta tafi ita kaɗai, kada kuma ku cika mota biyu, don taron da ya yi yawa kuɗin mota ake ba shi a sallame shi. Bayan mako uku ku koma da kwafinku. Idan kasafi ya fito, ku nemi layin da aka rubuta aikinku. "Samar da ruwa a ƙauyuka daban-daban" ba naku ba ne, ana iya kai shi ko'ina. Naku shi ne wanda ke ɗauke da sunan ƙauyenku da adadin kuɗi a gabansa.

An sa aikin a kasafi, shekara ta ƙare ba a yi ba. Me ya faru?

Kasafi izinin kashewa ne, kuɗin ba su riga sun shiga hannu ba. Ana iya ƙiyasta kuɗin shiga fiye da abin da zai samu, sai ayyukan raya ƙasa su zama na farko da za a yanke. Ana iya bayar da kwangila a biya kuɗin somin-taɓi, ɗan kwangila ya kafa allo ya ɓace. Ana kuma iya karkatar da kuɗin zuwa wani layi. Ku tambayi sashen ayyuka abu uku: an bayar da kwangilar, nawa aka biya, wa ya sa hannu a takardar shaidar kammala aiki. Idan takarda ta ce an gama alhali ba a gama ba, ku ɗauki hoto mai kwanan wata ku kai ƙorafi a rubuce ga majalisar kansiloli, da ofishin Babban Odita na ƙananan hukumomin Abuja, ko hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci.

Kafin ku tuhumi ciyaman, ku karanta allon aikin. Ba duk fanfo ne na ƙaramar hukuma ba. Wani na ɗan majalisar tarayya ne, wani na hukumar ruwan karkara ta Abuja, wani na ƙungiyar agaji.

Fanfon da aka gama ma yakan mutu cikin shekara biyu saboda abin da bai kai ya kawo ba: robar cikin famfo ta cinye, ko an sace waya, ko haƙar ba ta yi zurfi ba sai ya ƙafe da bazara. Ku kafa kwamitin kula da shi tun ranar da aka buɗe, a sa ɗan kuɗi kan kowace jarka ko kowane gida a wata, mace ta riƙe asusun, a karanta lissafi a bainar jama'a.

Tikitin da muke biya a kasuwa yana isa asusun hukuma kuwa?

Sai idan an ba ki rasit na gaskiya, mai sunan ƙaramar hukuma, lamba a jere, kwanan wata da adadin da kika biya. Ga misalin lissafi: a ce mata 300 na biyan naira 100 a kasuwa mai ci mako-mako. Naira 30,000 ke nan a rana, naira 1,560,000 a shekara. Idan ƙungiyar matan kasuwa ta ajiye rasit na wata uku a leda ɗaya, tana da hujjar zama da ma'aji ta ce ga abin da muka biya, ina banɗaki, ina rumfa. Abin da ke lalata tsarin shi ne a ba wani ɗan siyasa kwangilar tara kuɗin, ya biya hukuma ƙayyadadden adadi ya riƙe sauran, ko a sayar da tikiti ɗaya sau biyu. Ku nemi a manna jadawalin kuɗin da aka amince da shi a ƙofar kasuwa.

Ban shirya takara ba. Akwai inda zan fara?

Akwai, kuma wasu kujerun sun fi kusa da kuɗi fiye da yadda ake zato. Kowace mazaɓa na da kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan asibitin matakin farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani ɓangare na tafiya kai tsaye cikin asusun asibitocin da aka tantance, don magani, ƙananan gyare-gyare da zirga-zirgar rigakafi. Shugaban asibiti da kwamitin mazaɓa ne ke tsara yadda za a kashe. Mata ne ke cika layin awo, bai dace a ce maza kaɗai ke yanke shawarar ko a sayi fitilar ɗakin haihuwa ko a yi fenti ba.

Haka kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ke da gurbin wakiliyar mata. Idan za ki shiga, ki nemi kujerar ma'aji ko sakatariya. Zama mamba kawai yakan ƙare a sa hannu a takardar halarta. Ƙungiyoyin Islamiyya, zumuntar mata ta coci da na adashi su ne suka fi dacewa su fitar da wakiliya, domin tana da inda za ta koma ta ba da rahoto.

Mene ne sharuɗɗan tsayawa takarar kansila?

Ki zama 'yar Najeriya mai rajistar zaɓe, mai shekara 25 ko fiye, mai ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da ke, domin babu takarar kai-da-kai. Ma'aikaciyar gwamnati sai ta ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ki daidaita takardunki da wuri: sunan da ke takardar makaranta, katin zaɓe da lambar NIN su zama ɗaya, ko ki yi rantsuwar canjin suna a kotu. Sunan uba a wannan takarda, sunan miji a waccan, ya isa abokin hamayya ya kai ki kotu.

Ai an ce fam kyauta ne ga mata. Me ya sa ba sa kaiwa?

Manyan jam'iyyu sun sha yafe wa mata kuɗin fam ɗin takara, su bar musu na nuna sha'awa. Amma fam shi ne mafi arha a tafiyar. Takara tana mutuwa ne a zaɓen fidda gwani. Idan deliget ne za su zaɓa, shugabannin jam'iyya na mazaɓa ne ke da ta cewa, kuma a cikinsu kujerar da ake bar wa mace sau da yawa ɗaya ce, shugabar mata, wadda ake nema ranar rabon anko da cika fili. Idan maslaha aka ce za a yi, a ɗaki ake yinta da dare. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce maslaha ba ta inganta sai duk 'yan takarar da aka tantance sun amince a rubuce, don haka kada ki sa hannu a takardar janyewa don an yi miki alkawarin muƙami da baki.

Shiri na gaskiya na farawa shekara biyu kafin zaɓe. Ki yanki katin jam'iyya, ki tabbatar sunanki na cikin rajistar mazaɓa, ki sa matan ƙungiyarki su yi haka, ku nemi kujerun sakatare, ma'aji da odita a zaɓen shugabannin mazaɓa. A ranar zaɓe kuma kuɗin da ya fi amfani shi ne na ejan: amintacce ɗaya a kowace rumfa, da abincinsa da kuɗin waya, wanda ba zai tashi ba sai an ƙirga, an sa hannu, ya karɓi kwafin sakamako ya ɗauki hotonsa. Jama'a ba sa fitowa sosai a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja, saboda haka 'yan ɗaruruwan mata da suka fito tare na iya juya sakamakon mazaɓa.

Aure ne ya kawo ni garin nan. Za a ce ni ba 'yar ƙasa ba ce?

Za a faɗa, amma ba ya cikin sharuɗɗan doka. Matar aure kan faɗa tsakiya: a garin mijinta a ce baƙuwa ce, a garinsu a ce ta tafi. Abin da ke hannunki shi ne ki mayar da rajistar zaɓenki mazaɓar da kike zaune lokacin da INEC ta buɗe rajista, ki ziyarci sarakuna da dattawan Gbagyi, Gade, Bassa, Ganagana ko duk masu garin da kike, ki kuma sami matan asalin wurin a sahun gaba na tafiyarki.

Ina maganar kashi 35 ta kwana?

Manufar Jinsi ta Ƙasa ta 2006 ce ta sa burin ba mata kashi 35 na muƙamai. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnatin tarayya ta aiwatar da shi a naɗe-naɗe, wata ɗaya bayan Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata. Babu kujerar kansila da aka keɓe wa mace. Inda za ku iya matsa lamba yanzu shi ne muƙaman da ciyaman ke naɗawa: kansiloli masu kula da sassa, sakataren hukuma da mashawarta. Ku nemi alkawari a rubuce tun lokacin yaƙin neman zaɓe, ku kuma ambaci sashen da kuke so, kamar lafiya, noma ko ayyuka. Matan Arewa sun fara jefa ƙuri'a ne a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da aka sha ɗaurewa a kan haka. A 2023 kuma Abuja ta zaɓi mace, Ireti Kingibe, a matsayin sanatarta.

Maigida na tsoron zagi da tarurrukan dare. Me za mu yi?

Tsoronsa na da tushe, ƙazafi shi ne makamin farko da ake ɗauko wa mace. Ku zauna da shi da manyan gida tun kafin ki yanki fam, a faɗa masa nawa za a kashe da inda kuɗin za su fito, kada ya ji a bakin duniya. Ki riƙa zuwa taro da ɗan'uwa ko ƙanin miji da mata biyu, ku kuma nemi a rubuce a riƙa yin taron mazaɓa tsakanin azahar da magariba a wurin da kowa ya sani. Idan abin ya kai ga barazana ko duka, Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015 tana aiki a Abuja, ta haɗa da cin zarafi saboda siyasa. Kada ki goge saƙon barazana. Ki kai wa 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, tare da shaidarki.

Idan wakiliyarmu ta ci, me za mu sa ran ta yi? Idan ta juya mana baya fa?

Kansila ba ta da asusun kanta da za ta raba. Ƙarfinta a majalisa yake: duba kasafi, amincewa da dokokin haraji na hukuma, kiran shugabannin sassa su yi bayani, da zuwa ganin aiki da ido. Ta nemi shiga kwamitin kuɗi ko na ayyuka, ta karɓi kwafin kasafi kwanaki kafin zama, ta ƙi amincewa da duk layin da bai faɗi wuri ba. Ku kuma ku rage mata nauyin biki da suna da kuɗin magani, domin kansilar da bashi ya yi wa katutu ba ta iya ɗaga murya a gaban ciyaman. Ku sa mata ranar zama da ku duk wata uku, ta zo da takarda.

Idan ta gaza, doka ta tanadi kiranye: takardar koke mai sa hannun aƙalla rabin masu rajista a mazaɓar, INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuya, don tattara rabin masu rajista ya fi cin zaɓen kansa wahala. Yawanci abin da ya fi sauƙi shi ne ku ajiye kwafin duk wasiƙun da kuka kai mata, masu hatimi da kwanan wata, ku fito da su ranar da ta dawo neman wa'adi na biyu.